Filin Mata: Ɓeran da Ya Kori Dodo

 Yau da tambaya zan fara, kowace kuwa ta amsa a zuciyarta, ba sai ta gaya wa kowa ba. Daga Juma'ar da ta wuce zuwa yau, sau nawa kika ce wa ɗanki ko ƙanenki, "Yi shiru, ga Dodo nan"? Sau nawa kika ce, "In ba ka cinye tuwon nan ba zan kai ka a yi maka allura"?

Na san dalili. Ga tukunya bisa wuta, ga goyo a baya, mai gida ya kusa dawowa, yaro kuwa ya kafe yana ta tsala ihu. Dodo ba ya cin ko kwabo, kuma nan da nan ya ke aiki. Amma fa bashi ne, ranar biya kuwa tana nan tafe. Ran da aka ce a kai yara rigakafi, yaron da aka shekara ana razana shi da allura sai mutum uku sun danne shi. Yarinyar da aka cika wa kai da Dodo ba ta iya fita kewaye da dare, sai ta jiƙa tabarma, gari ya waye kuma a doke ta saboda abin da mu muka shuka da bakinmu.

Shi ya sa na ke so mu yi zancen waɗansu 'yan littattafai da a ke yi wa ƙananan yara, daga mai shekara 3 zuwa mai 7 ko kusa da haka. Hoto ne ya cika kowane shafi, rubutu kuwa layi biyu ko huɗu, kuma an tsara shi kamar waƙa, watau ƙarshen wannan layi yana amsa ƙarshen wancan. Galibinsu ba su wuce shafi 32. Ba don yaro ya karanta da kansa a ke yin su ba, don babba ya ɗora shi a cinya ne ya karanta masa da ƙarfi, shi kuwa yana bin hoto da yatsa. Da yawa daga cikinsu labarin tafiya ne da shiga hatsari da fita lafiya. Abin da ya ja hankalina gare su shi ne, cikinsu ma akwai Dodo, amma aikin da aka ba shi ya sha bamban da wanda mu ke ba shi.

Bari in ba ku labarin ɗaya, wanda ya fi sauran suna. Ana kiransa The Gruffalo. Wata Baturiyar Ingila mai suna Julia Donaldson ce ta rubuta shi, wani Bajamushe mazaunin Landan, Axel Scheffler, ya zana hotunan, aka buga shi a 1999.

Wani ɗan ɓera ne ya shiga kurmi yana yawonsa. Sai ya yi kiciɓis da yanyawa, 'yar'uwar dila. Yanyawa ta lashe baki, ta ce ya zo gidanta su ci abinci. Ɓera ya gane shi ne abincin. Bai ruga ba, bai yi kuka ba. Ya yi godiya da ladabi, ya ce ai yana da alkawari da wani abokinsa Gurufalo, ya shiga kwatanta mata shi, ga haure, ga farata, ga haƙora, ya ƙara da cewa ba abin da abokin nan ya fi so kamar naman yanyawa. Yanyawa ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ɓera ya wuce yana dariya, don ya san shi ya ƙaga wannan dabba daga kansa. Haka ya yi wa mujiya, haka ya yi wa maciji, kowane karo yana ƙara wa dodon nasa muni.

To, yana cikin jin daɗin wayonsa, sai ga Gurufalo a gabansa, da haurensa da faratansa, daidai yadda ya kwatanta, ba abin da ya ragu. Kuma yana jin yunwa. A nan ne yaro ya kan ƙanƙame ki. Ɓera dai ya daure, ya ce ai duk kurmin nan ba wanda a ke tsoro kamarsa, in kuwa Gurufalo bai yarda ba ya biyo bayansa ya gani. Suka juya. Maciji ya hango abin da ke bayan ɓera, ya sulale. Mujiya ta tashi sama. Yanyawa ta shige rami. Gurufalo, da ya ke girman jiki ne da shi ba na tunani ba, ya zaci ɓeran su ke gudu. Ɓera ya juyo ya ce shi ma fa cikinsa ya fara kuka, kuma naman Gurufalo ya ke marmari. Dodo ya yanka a guje. Ɓera ya sami ɗan ƙwallon itace ya zauna yana ci abinsa.

Kun ga, mu da kan ɓera mu ke rufe tatsuniya, su kuwa da shi suka buɗe tasu.

Marubuciyar ta faɗa da bakinta cewa tushen labarin daga wata tatsuniyar mutanen Sin ta samo shi, inda wani ƙarami mai wayo ya sa damisar ƙasarsu ta bi bayansa. Da ta zo tsara shi a waƙe sai sunan damisar a Turanci ya ƙi samun kalmomin da za su amsa shi, saboda haka ta ƙaga dabbarta, ta raɗa mata sunan da zai zauna daidai a ƙarshen layi. Watau amsa-amo ne ya haifi dodon. An juya littafin zuwa harsuna masu yawan gaske, an yi masa na biyu a 2004, inda 'yar Gurufalo ta saci jiki da dare ta fita neman ƙaton ɓeran da ubanta ke tsoro, an kuma mai da na farkon majigi a 2009.

Wata za ta ce, "Ashe ba ƙarya a ke koya wa yaro ba?" Tambaya ce mai kyau, kuma mu da muka tashi da Gizo bai kamata ta ba mu wuya ba. Gizo ya kan yi wayonsa don ya cinye rabon wani, shi ya sa sau da yawa ya ke ƙarewa da kunya. Ɓeran nan kuwa ransa ya ke ceto daga masu shirin cinye shi, bai ƙwaci kome na kowa ba. In kin gama karatun, tambayi yaron, "Da kai ne, me za ka ce wa maciji?" Za ki sha mamakin abin da zai fito daga bakinsa.

Yanzu ku dubi bambancin. In kika ce, "Ga Dodo nan," kin bar yaro shi kaɗai da abin tsoro, ke da ya kamata ki tsare shi kin koma bayan Dodo. In kuwa a littafi ya gamu da shi, yana kan cinyarki, hannunki na kewaye da shi, muryar da ya fi sani a duniya ita ke yin muryar dodon. Yana iya rufe shafin in abin ya yi masa yawa, ya sake buɗewa in ya huce. Gobe zai ce a sake, jibi ma haka, har ki gaji. Kada ki ƙosa. Gwaji ya ke yi, kamar mai koyon iyo da ke shiga ruwa iya gwiwa ya fito, ya koma ya shiga iya ƙugu.

Waƙar kuwa ba ado ba ce kawai. Da ya ke ƙarshen kowane layi yana amsa na bayansa, yaro ya kan san abin da ke zuwa kafin ya zo, abin da ka san zuwansa kuwa tsoronsa ya ragu da rabi. Bayan karatu uku ko huɗu, tsaya kafin kalmar ƙarshe ki yi shiru, za ki ji ya cika miki ita da ƙarfi yana washe baki. Daga ran nan maganar ɓera ta zama tasa. Akwai kuma wani amfanin. A 1983 waɗansu malamai biyu na Jami'ar Oxford a Ingila, Lynette Bradley da Peter Bryant, suka buga sakamakon wani bincike da suka yi da yara kimanin 400 masu shekara 4 da 5, tun ba su fara karatu ba. A kan faɗa wa yaro 'yan kalmomi, a ce ya fitar da wadda amonta bai yi kama da na sauran ba. Da aka bi su shekaru, sai aka ga waɗanda kunnensu ya fi kama amo sun fi saurin iya karatu da rubutu. Da yaran Turawa aka yi, da harshensu, amma ba labari ba ne gare mu. Duk wadda ta zauna a makarantar allo ta san abin da aka rera ya fi zama a ka. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta ilmantar da matan karkara: ta tsara, jajojinta su haddace, su kai wa 'Yan Taru garuruwansu.

Littafi na biyu na 'yan mata ne musamman, ga shi kuwa tsoho, ya girmi kakannin yawancinku. Sunansa Madeline, an buga shi a Amurka a 1939. Wanda ya rubuta shi kuma ya zana shi, Ludwig Bemelmans, haifaffen ƙasar Ostiriya ce ta wancan zamani, ya yi ƙaura zuwa Amurka yana saurayi. Labarin 'yan mata 12 ne a wata makarantar kwana a Faris, babban birnin Faransa, kome a jere su ke yinsa, ci da barci da fita shan iska. Madalin ce ƙaramarsu duka, ita ce kuma ba ta tsoron ɓera, ko damisar gidan ajiye namun daji ba ta sa ta ja da baya.

Amma ba a nan jarumtakarta ta ke ba. Wata rana da tsakar dare sai malamarsu ta farka ta ji a jikinta ba lafiya ba, ta iske Madalin zaune bisa gado tana kuka, idanu sun yi ja. Aka kira likita, ya duba, ya ce wani ɗan reshen hanji ne ya kumbura, wanda a asibiti a ke kira afendis. Cikin daren nan aka ɗauke ta a mota, aka yi mata aiki. Da ƙawayenta suka zo dubiya sai suka iske ta cikin kayan wasa da alewa, ta kuma miƙe ta nuna musu tabon aikin a cikinta tana alfahari. Daren nan duk goma sha ɗayan suka ɓarke da kuka, wai su ma a cire musu nasu! Shi marubucin ya taɓa kwanciya a wani asibiti a Faransa bayan mota ta buge shi yana bisa keke, kuma akwai wata yarinya a kusa da aka yi wa irin wannan aiki, daga nan ya ɗauko.

Ku lura, Madalin ta yi kuka. Littafin bai ɓoye ba, bai kuma kira ta raguwa ba. Kukan nan ne ma ya sa aka san ba ta da lafiya aka yi maza. Yaron da ya san wannan labari, ran da aka kai shi gaban likita yana da abin da zai riƙe. Ya san ana shiga asibiti a fito, har a zo da tsaraba.

A nan zan ɗan tsaya, don akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai. Mun ce tsoro na daji, kunya na gida, amma wajen renon 'ya'ya mata mun cuɗa su wuri ɗaya har ba mu iya raba su. Ɗa namiji in ya yi ƙarfin hali a ce namijin duniya. 'Ya mace in ta ɗaga murya a ce ba ta da kunya. Kunya ado ce, ba wanda ya musa. Amma yarinyar da ba ta iya buɗe baki ta ce wa malami ba ta gane ba, wadda ba ta iya ce wa babba "a'a" in ya kira ta lungu, wadda wani abu zai same ta a hanyar talla ko ta makaranta ta dawo ta haɗiye shi don tsoron faɗa, wannan ba kunya ce ke riƙe da ita ba. Masu cutar yara kuwa irin wannan shirun su ke nema. Ina so 'yarki ta ji labarin yarinya ƙarama wadda ta ji zafi ta faɗa, manya kuma suka tashi tsaye a kanta. In kin rufe littafin ki gaya mata, ke ma haka za ki tashi, ko da tsakar dare ne, ko wane ne ya taɓa ta.

Kada kuma a ɗauka ganganci na ke yabo. Madalin ɗin nan tana da halin hawa katangar gada tana tafiya a kai don ta tsorata malamarsu. A littafi na biyu, Madeline's Rescue, na 1953, sai da ta zame ta faɗa kogin Sen, da ba don wata karya ta yi tsalle ta jawo ta ba da labari ya ƙare. Littafin ya ci lambar Caldecott a 1954, wadda a ke ba littafin yara da ya fi kyawun hotuna a Amurka. In kin zo shafin nan kada ki wuce da sauri. Mu ma muna da gadojinmu: rijiyar da ba murfi, kududdufin bayan gari da damina, bakin titi, murhu.

Akwai ma littafin da gudu ne ƙarshensa. We're Going on a Bear Hunt, na Michael Rosen da mai zane Helen Oxenbury, 1989. 'Yan gida ɗaya ne suka fita farautar wata ƙatuwar dabbar ƙasashen sanyi mai gashi da farata, suna cika baki ba su tsoron kome. Suka keta ciyawa, suka ratsa kogi da taɓo da kurmi da guguwar ƙanƙara, suka shiga kogo. Da suka yi ido huɗu da abin da su ke nema sai kowa ya ranta a na kare, suka bi ta duk inda suka biyo, suka faɗa gida suka rufe ƙofa suka shige bargo. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Wannan bai cika amsa-amo ba, amshi ne da kwaikwayon ƙarar ciyawa da ruwa da taɓo, ya fi kama da wasan gaɗa, yara kuma su kan tashi su yi shi da ƙafa da hannu. Julia Donaldson tana da wani na 2003, The Snail and the Whale, labarin dodon koɗi da ya hau wutsiyar ƙaton kifin nan na teku (masana dai sun ce ba kifi ba ne, don shayarwa ya ke yi) ya zaga duniya, ran da abokin nasa ya maƙale a gaɓa kuwa shi ya ja jiki har aji, ya yi rubutu bisa allo da yauƙinsa, yara suka kira taimako.

Gargaɗi ɗaya. Kada ki karanta wa yaro littafin da ba ki fara dubawa ke kaɗai ba. An yi su ne don yaran wata ƙasa mai al'adarta. Ga misali Room on the Broom na 2001, mai daɗin labari ne, dabbobi ƙanana sun haɗa kai sun ceci wadda ta yi musu alheri daga bakin wani dodo mai aman wuta. Amma tauraruwar mayya ce mai tashi bisa tsintsiya. Ga Turawan yanzu wannan abin dariya ne. Gare mu kuwa kalma ce da in aka jefi tsohuwa da ita a unguwa ta kan raba ta da mutuncinta, wani lokaci har da gidanta. Ni dai da zan karanta shi, "wata tsohuwa mai abin mamaki" zan ce, in wuce.

Na san abin da wata ke cewa tun ɗazu: duk waɗannan na Turanci ne, ga tsada, ina namu? Gaskiya ce. Muna da littattafan jarumtaka, Ganɗoki na Bello Kagara tun 1934, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, amma na manyan yara ne, jarumansu kuwa masu takobi ne da ƙarfin damtse. Yaro ɗan shekara 4 ba shi da damtse. Kowa ya fi shi tsawo, kowa na ba shi umarni, abin da ya ke bukata shi ne jarumi daidai tsayinsa. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam sai wanda ya iya karatu sosai. Ibrahim Yaro Yahaya ya yi mana babban aiki da ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi 6, ya tsare mana abin da kakanni ke faɗa. Amma irin ɗan littafin nan na cinya, mai hoto a kowane shafi da baiti biyu a ƙarƙashi, har yanzu bai wadata a Hausa ba, kuma abin kunya ne ga harshen da kusan kowace kalmarsa da wasali ta ke ƙarewa, wanda amsa-amo ke zuwa masa a sauƙaƙe. Tatsuniyoyinmu ma cike su ke da Auta da ya gagari Dodo, da 'yar waƙa a tsakiya wadda yara ke amsawa. Kayan miya duk suna nan, mai haɗawa a ke jira.

Kafin masu buga littattafai su farka, ga abin da za ki yi. In littafin Turanci ya zo hannunki, ko na aro ne daga makaranta, kada ki tsaya juya shi kalma bayan kalma, don waƙar wani harshe ba ta ƙetare iyaka da amonta, za ki ƙare da magana mai sanyi kamar tuwon jiya. Karanta shi ke kaɗai har labarin ya zauna miki. In ba ki jin Turanci, 'yarki ko ƙanwarki ta makaranta ta gaya miki. Sa'an nan ki buɗe hotunan gaban yaro ki ba da shi da Hausarki, ki sa masa amshi ɗaya gajere wanda zai riƙa dawowa a kowane shafi. Bayan sallar isha'i ya fi, lokacin da a da a ke tatsuniya. A ajiye waya, a rage ƙarar talabijin. Minti goma ya isa. Yi wa ɓera 'yar siririyar murya, ki yi wa dodo mai kauri, amma ki riƙa duban fuskar yaron. In kin ga idonsa ya fara cika da hawaye, sassauta muryar dodon, ki mai da shi wawa.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikin hutu. Ku sami farar takarda 4, ku haɗa su ku ninka biyu, ku ɗinke tsakiya da allura da zare, kun sami littafi mai shafi 16. Ku zaɓi abin da ƙanenku ke tsoro da gaske, duhu ne, ko tsawa, ko karen maƙwabta, ko ranar farko a makaranta. Jarumin ya zama ƙarami. Ku bar shi ya ji tsoro, don wanda bai ji tsoro ba ba a ce ya yi jarumtaka. Kada kuma ku kawo wani ƙato daga sama ya cece shi a shafi na biyu. Ga ɗan gwaji da na tsara don ku ga ba wuya:

Cikin dare Auta ta farka,
Ta ga Dodo na rawa a iska.
Gabanta ya faɗi, ta ƙi kuka,
Ta ɗau fitila ta haska,
Ashe shanyar Inna ce gaban bukka!

Amshin kuwa, wanda yara za su riƙa faɗa tare da ku: "Wane ne nan? Bari in haska!" Dare na biyu dodon ya zama turmi da aka kife da taɓarya a jingine. Dare na uku ya zama tunkiya tana tuƙa. Ku zana shi baƙi ƙirin mai ban tsoro a shafin dama, in an juya sai a ga abin da ya ke a hasken fitila. Amma dare na ƙarshe ku sa ta haska ta ga kunama ta gaske a bakin ƙofa. A nan Auta ba za ta taɓa ba, ba kuma za ta koma ta lulluɓe ta yi shiru ba. Za ta ja da baya ta ƙwala wa Baba kira, ya zo da takalmi, da safe a gaya wa duk gidan wanda ya fara gani.

Kada ku damu in zanenku bai yi kyau ba, ƙanenku ba alƙalin zane ba ne, in kun ce wannan tunkiya ce ya yarda. Baitin da ya ƙi zama, ku rera shi da ƙarfi kuna tafi, kunne zai nuna muku inda ya yi tsawo. Wadda ta gama nata ta gwada shi a kan yaran gidansu tukuna. In sun ce a sake, to, ta kwafe baitocin da kyakkyawan rubutu ta aiko wa wannan fili ta hannun Edita, ta faɗi shekarun yaron da aka yi dominsa da abin da ya ke tsoro.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.